Wasalin da Ruwa Ya Ci

Direban ya miƙo hannu zai karɓi bahon ya sa a but ɗin mota, Batula ta ja da baya. Ta gaya masa wannan kayan ba ya shiga but, kuma ba a ɗora masa komai. Ya dubi bahon robar da aka lulluɓe da farin zane, ya dubi fuskarta, ya ce to sai dai ta rungume shi har Gaya. Haka kuwa ta yi. Ta matse a jikin ƙofa, su huɗu a kujerar mutum uku, baho bisa cinya, danshinsa yana ratsa atamfarta.

Ba su bar Ajingi da nisa ba matar da ke kusa da ita ta fara shinshina, ta tambaya ko jiƙon wani abu ne a ciki. Batula ta ce Alƙur'ani ne. Matar ta yi salati a hankali, ta janye gwiwarta daga jikin bahon.

Ranar Lahadi aka yi ruwan a Gafasa, wanda ya wuni ya kwana bai ɗauke ba. Ɗakin mahaifinsu Malam Kolo, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce, ginin ƙasa ne, ba mai kwana ciki. Katangar gabas ta zauna, rufin ya biyo ta, ya danne akwatin da ke ƙuryar ɗakin. Sai jiya Talata aka samu tono shi. A cikin akwatin akwai Alƙur'anin da Malam Kolo ya rubuta da ka, na uku kuma na ƙarshe. Biyun farko tun Batula tana goye suka bar gidan. Wannan ne ya ce ba zai fita ba.

Da yayanta Ja'afar ya zare shi daga gafakarsa, fatar ta yi laushi kamar an dafa ta. Suka buɗe warƙar farko, suka tsaya suna kallo. Baƙin rubutun mahaifinsu yana nan daram, harafi bai motsa ba. Amma duk abin da yake ja ya narke. Wasulla, sunayen surori, zanen da ke gefe, duk sun malale sun rina takardar, ta koma kalar zoɓon da aka tsinka da ruwa.

Ja'afar ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Geronsa yana ƙarƙashin ruwa, ɗakinsa ya tsage, iyalinsa suna raɓe a maƙwabta. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce in har ba ya karantuwa, a naɗe shi cikin tsaftataccen ƙyalle a binne a wurin da ba a takawa. Ja'afar ya ce zai haƙa ramin da safe. Batula ta roƙe shi wuni ɗaya. Ta ce Baffa Bubayero, abokin aikin mahaifinsu, yana nan da rai a Balan, shi ya rubuta jan tun farko, shi zai mayar. Ja'afar ya ce ta je, amma in ta dawo ba labari, kada ta sake tsayar da shi, domin takardar ta fara wari, kuma ba zai zuba ido littafin Allah ya ruɓe a gidansu ba.

A Gaya ta sauka ta biya ta rumfar Tukur mai littattafai, kusa da tasha. Mahaifin Tukur shi ke sayar wa nata mahaifin takarda a da. Ta yi tunanin kada ta je wa Baffa hannu rabbana, gara ta tafi da tawadar. Tukur ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce rabon da wani ya tambaye shi jar tawada ya manta. Ya nuna mata jan biro da alƙalamin maka, ya ce masu rubutun yanzu da su suke sa wasali. Ya kuma ɗauko bugaggen Alƙur'ani mai kyan bango, ya ce ga shi ruwayar Warshu, irin karatun gidansu, ta kai wa Ja'afar hankalinsa ya kwanta.

Ta gode masa, ta ce ba abin karantawa suka rasa ba. Da ta ambaci Malam Bubayero, Tukur ya shiga gyara jerin littattafan da ba su karkace ba. Ya ce shekara huɗu ke nan tsohon bai leƙo kasuwa ba.

"Ki je dai ki gaishe shi, Hajiya," in ji shi. "Zai ji daɗi."

Mai babur ya kai ta inda hanyar Balan ta yanke da taɓo, ya ce daga nan sai ƙafa. Ta cire takalmi ta riƙe, ta ɗora bahon a ka. Tana tafe tana tuna yadda Baffa ke zuwa Gafasa duk Alhamis a kan keke, da gafaka rataye a wuya. Ya kawo warƙoƙin da ya gama sa wa ja, ya karɓi sababbi. Mahaifinta Babarbare ne dogo mai kaushin murya, Baffa Bafulatani siriri mai yawan murmushi, suna haɗuwa sai tsokanar juna. Ita ke kai musu ruwa zaure, takan tsaya tana leƙe har a kore ta. Shekara biyu aka yi ana wannan kai da kawo. Damina biyu mahaifinta bai yi noman kirki ba, mahaifiyarta ce ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli.

Inna Hanne, matar Baffa, ita ta amsa sallama. Ta ƙura wa Batula ido, sannan ta kama haɓa ta ce wannan goshin na Kolo ne. Ta ja ta zuwa rumfar tsakar gida. Tsohon yana zaune kan buzu, ya jingina da ginshiƙi, hannayensa cikin riga. Ya rame, amma idonsa tar. Batula ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi Ja'afar, ya tambayi 'ya'yanta da sunayensu, ya yi mata jajen ruwa domin labari ya iso su. Sai da gaisuwa ta ƙare ya dubi bahon.

Ta yaye zanen. Bai tambayi ko mene ne ba. Ya gane gafakar.

Ya ce wa Inna Hanne ta kawo buta. A nan Batula ta ga abin da Tukur ya ƙi faɗa. Da hannayen suka fito daga riga, rawa suke yi, ba ƙaƙƙautawa, kamar na mai kaɗa nono. Inna Hanne ce ta riƙe butar, ita ta tallafi gwiwar hannunsa har ya gama alwala. Rabin ruwan a rigarsa ya ƙare. Batula ta kawar da kai.

"Kina da alwala?" ya tambaye ta.

"Ina da ita, Baffa."

"To ke za ki buɗe. Ni in na taɓa, yagewa zai yi."

Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa. Ya ce kada a sa a rana, takarda za ta kanannaɗe. Batula tela ce, shekara ashirin tana ɗinki, yatsunta sun saba da abu mai laushi. Inna Hanne ta ba ta siririyar wuƙa, ta riƙa zura ta tsakanin warƙa da warƙa a hankali tana rabawa. Na sama sun rabu. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya sunkuyo yana bin su da ido, leɓensa yana motsi.

Ta ce masa adon ne duk ya lalace, amma rubutun Baba yana nan.

"Ba ado ba ne," in ji shi, ba da faɗa ba. "Mutane komai suka gani da ja sai su ce ado. Kawo waccan."

Ta matso masa da ita. Ya nuna da haɓa, tunda yatsa ba ya tsayawa. Ya ce wannan gurbin da ke saman harafi, wasalin sama ne ya zauna a nan, na ƙasa kuma ga inda yake. Nan rufu'a, nan ɗauri. Wannan dogon tabon da ya gangaro, ƙaramin alifi ne wanda mai baƙi ba ya rubutawa, sai mai ja ya zo ya tsayar da shi. Ya ce waɗannan su ne muryar littafin, in babu su mai karatu bai san ko ya buɗe baki ko ya rufe ba. Sannan ya koma kan alamomin ƙirga. Aya biyar, a sa kumsa. Aya goma, a zana kuri, ɗan da'irar nan. Ya sa ta nemo inda izu ya cika, suka tarar da wani babban tabo a gefen shafi, ja da rawaya sun cakuɗe.

"Wannan kaɗai ake kira zayyana," ya ce. "Kwana uku nake yi a kan kowace ɗaya. Sittin ne, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Mahaifinki ya ce ɓata lokaci ne. Amma in na kawo, ita yake fara dubawa."

Batula ta dubi tabon, ta yi ƙoƙarin tuna yadda yake a da. Ta san ta sha ganinsa, amma ta kasa.

Suka ci gaba. Tana rabawa, yana faɗin abin da ke wurin da. Nan sunan sura. Nan sumuni, kashi ɗaya cikin takwas na izu. Nan alamar sujada. Muryarsa ba ta canza ba, kamar mai lissafa mutanen unguwa da suka rasu. Da suka kai wajen izu na goma sha biyu, warƙoƙin suka ƙi rabuwa. Sun manne sun zama curi guda, gefensu ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Ta zura wuƙa, takardar ta biyo ta. Ta janye hannu da sauri.

Ta tambaye shi abin da ya sa baƙin ya tsaya jan ya tafi. Inna Hanne ta tashi ta shiga madafa, kamar ta san zancen.

Ya ce tawadar Kolo ta gabaruwa ce da ƙarfe, irin ta mutanen gabas, wadda ke kama takarda ba ta saki. Shi ma a da yana da jan da ke kamawa, na jar ƙasa da ake niƙawa a tace a haɗa da ƙaro, yadda malaminsa ya koya masa. Sai dai jan ƙasa a dushe yake. A shekarun nan ne garin rini ya cika kasuwa, garura, mai haske kamar jinin yanka. Ya gwada, ya ga shafi ya yi kyau, masu saye suna yabawa. Kolo ya ce masa abin da ya zo da sauƙi da sauƙi yake tafiya, gara ya tsaya a kan jan ƙasarsa. Shi kuma ya ce to, amma ya tafi gida ya yi da garura. Da ya kawo izun farko Kolo ya duba ya duba, bai ce komai ba, domin abin ya yi kyau ƙwarai.

"Ni na zaɓa," in ji shi. "Ba ruwa ne ya yi wannan ba, 'yata. Ruwa tarar da shi ya yi."

Ya ce Alƙur'ani goma sha ɗaya ya sa wa ja a rayuwarsa, takwas da garura. Bai san inda ko ɗaya yake ba, sai wannan. Duk lokacin da hannu ya dame shi, yakan ce a ransa akwai guda a Gafasa cikin akwati.

Batula ta rasa inda za ta sa idonta. Ta taso tun safe da ɓarnar gidansu a ka, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa tasa ce ta ɗauko ta kawo masa har gida ba.

Duk da haka ba ta saki ba. Ta ce ga hannunta, lafiyarsa ƙalau, zare take sawa a allura ba tabarau. Shi ya faɗa, ita ta sa. Za ta riƙa zuwa duk Alhamis kamar yadda yake zuwa musu. In shekara biyu ce, tana da shekara biyu.

Ya yi murmushi, irin wanda ta sani. Ya ce ita tana da su, shi ne bai sani ba. Amma bai hana ta ba. Ya kira Inna Hanne ta ɗauko kurtunsa daga saman bango. Tawadar ta bushe ta tsattsage a gindi. Aka ɗiga ruwa, Batula ta juya da tsinke har ja ya taso. Aka samo tsohon alƙalamin kara. Ya nuna mata yadda za ta riƙe, ya ce ta zaɓi warƙar da ta fi bushewa, ta ja layi ɗaya ƙarami a can gefe inda babu rubutu.

Ta yi bisimilla ta ja. Layin ya fito siriri, miƙaƙƙe, har ta ɗago kai za ta dube shi. Kafin ta mayar da ido ya fara buɗewa. Ya yi gashi ta ko'ina, ya bazu kamar mai a jikin yadi, ya shige cikin jan da ya riga ya rina wurin.

Ya ce takardar da ta sha ruwa ta ƙoshi ba ta ƙara riƙe tawada. Ko ta bushe ƙarau, haka za ta yi. Ko da hannunsa na da ne.

Ta ajiye alƙalamin. Kaji suna tono a gindin rumbu. Daga masallacin unguwa aka kira azahar. Ta tashi ta yi salla a ɗakin Inna Hanne, aka kawo mata fura ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Da ta fito ta tarar da shi inda ta bar shi, ya sunkuya kan warƙoƙin.

Ta gaya masa abin da liman ya ce, da ramin da Ja'afar ke haƙawa. Ta ce ta zo ne ya ba ta maganar da za ta tsayar da yayanta.

Ya ce ba shi da ita. Liman ya yi daidai, Ja'afar ma ya yi daidai. Ya tambaye ta ko a gidansu akwai wanda ya haddace. Ta ce babu. Ja'afar ya tsaya a izu ashirin, noma ya ɗauke shi, yaran kuma duk bugagge suke karantawa. Ya ce to wanda bai haddace ba, in ya ɗauki wannan, zai sa wasalin sama inda na ƙasa yake, ya faɗi abin da Allah bai faɗa ba. Ajiye shi kuma a akwati yana ruɓewa ba girmamawa ba ce.

Batula ta gyaɗa kai. Ta durƙusa ta fara tattara warƙoƙin, tana bin jerinsu daga ƙarshe. Ta haɗa kamar ashirin, sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Dakata."

Ta tsaya.

"Ni ba na bukatar jan," ya ce. "Na san abin da ke kan kowane harafi. Baƙin Kolo ya ishe ni." Ya dubi warƙoƙin da ke hannunta. "Ki ce wa Ja'afar ya ba ni aro. Ba zan daɗe da shi ba."

Inna Hanne, da ke tsaye bakin madafa, ta ce wa zai riƙa juya masa shafi. Ya ce ita mana, da wa yake da shi. Ta ce ita da ba ta san alifi ba. Ya ce juyawa kawai za ta yi, ba karatu ba. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta tafi ɗauko wata tabarmar.

Batula ta mayar da waɗanda ta tattara. Ta sake zama da wuƙa, ta ɓata sauran yinin tana gwada curin ta kowane gefe. Ta samu ta ceto wasu daga ƙarshen littafin, gajerun surori. Tsakiyar ta ƙi. Fiye da rabi ke nan. Baffa ya ce ta bar shi haka, a naɗe wannan ɗin daban cikin farin zanen, ta tafi da shi, Ja'afar ya yi abin da liman ya ce.

Ta fita ƙofar gida inda waya ke kamawa ta kira yayanta. Ta gaya masa komai yadda yake, ba ta rage ba. Ya tambaya ko tsohon da kansa ya roƙa. Ta ce da bakinsa.

"To ai ba a hana shi," in ji Ja'afar. Ya ce ta kamo hanya kafin hadari ya haɗu, ya riga ya gama ramin, a bayan ɗakin Baba, ƙarƙashin dalbejiya.

Ta koma ciki ta yi sallama. Inna Hanne ta naɗe mata curin, ta ɗaure da kyau, ta rako ta zaure. Baffa bai ɗago ba sosai, ya dai sa mata albarka, ya ce ta gaida gida. Idonsa yana kan warƙar da aka jingina masa a jikin matashi.

Tana sa takalmi a zaure ta ji ya fara karatu. Muryar siririya ce, tana rawa kamar hannun, amma kowane wasali yana fita a wurinsa. Ta tsaya da ƙunshin a ƙirji tana saurare. Ya kai ƙarshen shafi, ta san ya kai domin ita ta jera su. Inna Hanne tana nan tsaye kusa da ita, ba wanda ya juya masa.

Bai tsaya ba. Ya wuce zuwa aya ta gaba.

Inna Hanne ta dubi Batula, ta ce bari ta je, kada ya ga kamar an manta da shi. Batula ta fita ta kama hanyar taɓo. Gabas ta fara yin baƙi.